Ɗigo Biyu Daga Kwalbar Baba

"Ba zan cire ba, Farfesa."

Auta a tsaye ta faɗi haka, kundinta rungume a ƙirji, domin kujerar baƙi ɗaya ce a ofishin, kuma tun shekarar da aka ba Farfesa lambar yabo jakarsa ce ke zama a kai. Ya ɗago ido ta saman tabarau ya dube ta kamar wanda teburinsa ya yi masa magana. Ya ce wataƙila ba ta ji shi da kyau ba, sai ya maimaita a hankali, kalma bayan kalma: ta cire babi na huɗu gaba ɗaya, ta sa hoton da ɗaliban baya suka samu a gurbinsa, ta kawo masa ranar Litinin ya sa hannu. In bai sa hannu ba, ba za a kira ta kare kundi ba, in kuwa ba ta kare kundi ba, babu digirin dakta. Wannan ko mai sharar sashen ta sani.

"Na ji da kyau," in ji ta. "Abin da na gani shi na rubuta."

Ga yadda maganar take. Ƙodar mutum an gina ta ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare mai ɗauke da umarnin gina jiki kaf, daga gashi har farce. Ƙwayar ƙoda ba ruwanta da yin gashi, saboda haka umarnin da ya shafe ta kawai take kwafa ta yi aiki da shi, sauran kuwa sai ta naɗe su tam ta rufe. Cikin waɗanda take rufewa akwai wani mugun umarni, wanda in ya buɗe, ƙwayar sai ta bar tace jini ta koma yin tabo, ƙoda ta taurare ta ajiye aiki. Tambayar da ta dami masana ita ce, wa yake riƙe da wannan umarni a rufe?

Shekara goma sha takwas da suka wuce Farfesa ya ba duniya amsa. Wani furotin ne, wato sinadarin da ƙwayar kanta take haɗawa, in ji shi, yana zaune daram a bakin umarnin yana hana a kwafe shi. Ya raɗa masa suna Maigadi. Hujjarsa mai sauƙi ce: a shuka ƙwayoyin ƙoda a ƙananan farantan gilashi, a cire Maigadi daga rabinsu, a bar rabi yadda suke, bayan kwana uku a ɗauki hoton gwaji. Inda aka cire shi wani baƙin layi yakan fito, alamar umarnin tabo ya buɗe. Inda aka bar shi hoton yakan fito fari fat. Ɗalibai goma sha ɗaya sun maimaita wannan gwaji a ƙarƙashinsa, kowa ya samu layinsa, kowa ya samu digirinsa. Hoton layin farko yana nan a bangon ofis cikin gilashi, sama da hoton iyalin Farfesa, kuma ya fi shi girma.

Ita kuwa Auta, shekara huɗu tana wannan ɗakin gwaji, ta shuka faranti goma sha biyu, ta cire Maigadi, ta auna ta tabbatar ya fita, ta ɗauki hoto. Babu layi. Ta sake, babu. Ta sake na uku, hoton ya fito fari kamar sabon zanen gado. Babi na huɗu ke nan.

Farfesa bai yi faɗa ba, domin ya wuce matakin faɗa tun da aka fara gayyatarsa buɗe taro. Ya yi mata bayani cikin tausayi cewa akwai hannun da ƙwayoyi ba sa so, ba laifinta ba ne, halitta ce. Tunda ta ƙi cirewa, to ta je ta sake gwajin, amma wannan karon Baba Mai Makulli ne zai riƙe mata farantan, kamar yadda kowane ɗalibi mai tarbiyya yake yi. Wannan ta yarda da shi, domin sakewa daban, cirewa daban.

Kafin ta isa teburinta labari ya riga ta. Babban ɗalibin ɗakin ne ya tare ta, wanda ake kira Saura-Kiris saboda shekara bakwai ke nan duk wanda ya tambaye shi digirinsa abin da yake ce masa ke nan. Shi ne kuma ya laƙaba mata Sai-Na-Gani tun makonta na farko, ranar da ya ce mata ruwan kwalbar nan mai tsabta ne ta ce sai ta gani.

"Ƙanwata, kin ce masa a'a? Da bakinki?"

"Da na wa zan ce, Yaya Saura?"

Ya ja kujera ya ba ta shawarar da ya ce da an ba shi ita da wuri da yanzu yana da ofis mai labule. A ɗakin nan, in ji shi, ba a ganin abu sai Farfesa ya gani, in kuma ya gani, to kai ma ka gani tun jiya. Shi kansa sau biyu yana samun sakamakon da bai gane ba, ya sa shi a aljihun tebur ya yi masa addu'a. Ta tambaye shi ko addu'ar ta karɓu. Ya ce tebur dai bai taɓa kai ƙararsa ba.

Baba Mai Makulli shi ne ma'aikacin ɗakin gwajin. Ya riga kowa zuwa, ya riga rabin na'urorin ma, kuma makullan kowace ƙofa da kowane firiji suna rataye a ƙugunsa, ana jin tahowarsa tun daga matakala. Al'adar ɗakin ce duk ɗalibin da zai cire Maigadi ya kai wa Baba farantansa da safe, ya koma bayan awa guda ya karɓa. Ɗalibai suna kiran wannan kai wa Baba ya sa albarka. Babu inda aka rubuta shi a littafin hanyar aiki, kuma shi ya sa Auta ba ta taɓa yi ba. Sauran suna ganin girman kai ne ya hana ta, ita kuwa tana ganin lalaci ne yake kai su. Gaskiyar magana tana da girman kan, ba ta son kowa ya taɓa mata aiki, ko cokalin awo ba ta ba da aro sai ta bi shi da ido.

Ranar gwajin ta miƙa masa farantan, amma maimakon ta tafi shan shayi kamar yadda aka saba, sai ta tsaya a kafaɗarsa. Baba ya ce ta je ta huta. Ta ce ba ta gaji ba. Ya sa safar hannu, ya jera farantan, ya yi komai kamar yadda littafi ya ce, da hannun da bai taɓa rawa ba. Da ya gama sai ya sa hannu a aljihun farar rigarsa ya fito da wata 'yar kwalba ruwan ƙasa, babu rubutu a jikinta sai jan zare ɗaure a wuya. Ya ɗiga ɗigo biyu a kowane farantin da aka cire wa Maigadi. Sauran shidan bai ko kalle su ba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Maganin fumfuna ne, 'yata."

"Me ya sa ba ka sa wa waɗancan ba?"

Ya dube ta da mamakin mai ilimi irin nata da ba ta san wannan ba. Waɗancan, in ji shi, a rufe suke, ba mai taɓa su. Waɗannan kuwa sai an buɗe su sau huɗu sau biyar kafin a gama cire Maigadi, iska tana shiga, fumfuna kuwa iska take bi. Maganin ba ya samuwa da sauƙi, don me za a zuba shi inda ba a buƙata? Ta tambaye shi wa ya koya masa. Ya yi murmushin tuna baya, ya ce Farfesa da kansa, tun yana ƙaramin malami mai babur. A shekarar fumfuna ta cinye musu aikin wata uku, Farfesa ya zauna a kan wannan kujerar ya riƙe kai. Da ya samo maganin ya ce a riƙa ɗiga wa duk farantin da za a buɗe, kuma a wannan satin ne layin ya fara fitowa. Tun daga ranar, in ji Baba, albarka ta shigo ɗakin nan, shi kuma bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya.

 Ta roƙe shi ya nuna mata kwalin da yake ɗura kwalbar daga ciki, ya buɗe mata sito da farin ciki, don ba a cika tambayarsa komai ba sai makulli. Ta kwafi sunan maganin ta wuce ɗakin karatu. Ba ta sha wahalar nema ba. Maganin yana kashe fumfuna, gaskiya ne, amma an daɗe da sanin yana da wani hali na biyu: in ya shiga ƙwayar halitta yakan sassauta naɗin zaren nan, abin da ke rufe ya buɗe, da Maigadi ko babu Maigadi.

Ba ta gaya wa kowa ba sai da ta gani. Ta shuka sababbin farantai ta kasa su huɗu. Kashi na farko ba ta taɓa su ba. Na biyu ta cire Maigadi kawai. Na uku ta bar Maigadi a wurinsa ta ɗiga maganin. Na huɗu ta yi duka biyun. Bayan kwana uku hoto ya fito: na farko da na biyu fari, na uku da na huɗu ga layi baƙi ƙirin, kaurinsu ɗaya, irin wanda ke rataye a ofis.

Ranar Alhamis ake taron ɗakin, kowa ya nuna aikinsa na mako a bango da na'urar haska hoto. Da aka zo kanta ta haska hoton, ta yi bayani cikin minti biyar, ta koma gefe ta harɗe hannu. Mutum tara ne a ɗakin, kuma babu mai kallon bango a cikinsu, duk fuskar Farfesa suke karanta. Shi kaɗai ya kalli hoton. Ya kalle shi da daɗewa, Auta tana ganin yadda yatsansa ya daina buga tebur. Ta san ya gane. Mutumin ba jahili ba ne, da jahili ne da abin ya fi mata sauƙi.

Can sai ya gyara tabarau ya ce, "Hasken na'urar nan ya yi rauni."

Nan take ɗakin ya farfaɗo. Wata ta ce ita ma ta daɗe da lura. Wani ya ce tun watan jiya idonsa ke ciwo bayan kowane taro, bai dai so ya faɗa ba. Saura-Kiris ya hau kujera ya hura ƙurar da ke bakin na'urar. Minti arba'in aka yi ana tattauna ƙwan fitila, aka naɗa mutum biyu su bi maganar, aka tashi.

Da yamma kafin a tashi aiki ya aika a kira ta. Wannan karon ya rufe ƙofa, kuma bai yi maganar hannu ba. Ya tambaye ta ko ta san abin da take riƙe da shi. Mutum goma sha ɗaya ne, in ji shi, duk daktoci yanzu, wasu suna koyarwa, wasu suna shugabantar sashe, kowa da iyalinsa, kowa kundinsa a kan layin nan ya tsaya. Ita tana son ta zare musu tabarma saboda ɗigo biyu?

Ta ce ba ta son zare wa kowa komai. Kuskure ne da aka yi da kyakkyawar niyya, ba zamba ba, kuma shi ne ya fi kowa cancanta ya gyara. Ta ma nuna masa cewa abin alheri ne: in an cire Maigadi umarnin bai buɗe ba, to akwai wani makulli na biyu da ba wanda ya taɓa nema, kuma masu ciwon ƙoda shi suke buƙatar a gano. Su rubuta tare, sunansa a farko, nata ko a ƙarshe ne ba ta damu ba.

"A shekaruna?" ya ce. "In tsaya gaban mutanen da suka tafa mini in ce musu maganin fumfuna suka tafa wa?"

"Ai su ma za su so su sani, Farfesa."

"Ba ki san mutane ba." Ya jawo wata takarda gabansa, alamar an gama. "Umarnina yana nan. Babi na huɗu."

"Amsata ma tana nan."

Ba a kore ta ba, domin kora tana buƙatar dalili a rubuce. Sai dai aka gano cewa ana buƙatar teburinta don wata na'ura da ake sa ran za ta zo, aka mayar da ita baranda, kusa da babbar tukunyar da ake turara kayan aiki, wadda ke huci kowane rabin awa kamar tsohuwar da aka taka wa ƙafa. Na'urar ba ta zo ba, aka ɗora tukunyar fure a kan teburin. Jadawalin akwatin ɗumin da ake renon ƙwayoyi ya fito babu sunanta, mai bugawa ta manta. Da aka gyara, sai aka ba ta kantar ƙasa ta akwatin, wadda ake kwashewa duk ranar goge-goge, aka kuma kwashe mata farantai sau biyu bisa kuskure, da ban haƙuri mai yawa. Masu gaishe ta suka koma ɗaga mata gira, daga baya girar ma ta yi nauyi. Saura-Kiris kaɗai ke tsayawa, shi ma sai ya waiga hagu da dama, ya yi kamar igiyar takalminsa yake ɗaurewa.

Ita kuwa kullum ƙarfe takwas tana nan, farar rigarta a goge har tana ɗaukar ido, kanta a sama. Tururin tukunya yana jiƙa mata takardu, ta sayo leda ta rufe su. In ta wuce ta tsakiyar ɗakin takan gaishe da kowa da sunan da ake kiransa, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya sai an amsa. Ta san hakan yana ƙona musu rai, kuma ba za ta ce ba ta jin daɗinsa ba. Kukan da ta yi sau ɗaya ne, a banɗakin hawa na uku inda ba mai zuwa, ta wanke fuska ta sauko.

A gida kuma wata shari'ar ce. Umma tela ce, kekenta a falo yake, kuma tun shekarar farko ta sanar da duk mai kawo ɗinki cewa autarta dakta ce, saura takarda. Har maƙwabta sun fara tare Auta a ƙofa da ciwon baya da kaikayin ido, tana rantse musu cewa ita ba irin wannan daktar ba ce. Da ta zauna ta yi wa Umma bayanin komai, da zare da kwalba da layi, Umma ta saurara ƙafarta a kan keke, sannan ta ce ita abin da ta fahimta shi ne an ce ta cire shafi ashirin ta karɓi abin da ta yi wa wahalar shekara huɗu, ita kuma ta ce sai ta zauna kusa da tukunya.

"Umma, da za ki ce wa mai kaya rigarta ta yi daidai, alhali hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?"

"Sau nawa kuma? In mai kayan ce ta yanka da kanta, ni ce zan gaya mata? Da wannan bakin na ciyar da ku."

"To ni ba zan iya ba."

"Na sani," in ji Umma, ta tsinke zare da haƙori. "Kan ubanki ne a wuyanki. Shi ma haka ya yi ta samun gaskiya har ya rasa kujera."

Amma washegari ita ce ta goge mata farar rigar, ta kuma ɗinke aljihun da ya fara sakin baki.

Auta ta rubuta ƙorafi zuwa ga Shugaban Sashe. Bayan wata biyu aka kafa kwamiti na mutum uku. Biyu tsofaffin ɗaliban Farfesa ne, kowanne da baƙin layinsa a babi na huɗu na kundinsa. Na ukun an aro shi daga sashen nazarin duwatsu don a tabbatar da adalci, kuma ya tabbatar da shi ta hanyar yin gyangyaɗi daidai wa daida a lokacin jawabin kowane ɓangare. Sun karɓi hotonta suka juya shi sama da ƙasa, ɗaya ya tambaye ta ko ta san shekarun Farfesa, ɗayan ya tambaye ta ko a gida haka take yi wa manya.

Shaida ɗaya take da shi. Da safen ranar da za a kira shi, ta ji ƙarar makullai ta tsaya a bayanta a baranda. Baba bai kalle ta ba, tukunyar yake dubawa kamar yau ya fara ganin ta. Ya ce saura masa wata bakwai ya ajiye aiki, kuma takardar sallamarsa ta teburin Farfesa za ta bi.

"Ki yafe ni tun kafin in shiga, 'yata."

Ta so ta yi fushi, ta nemi fushin ba ta same shi ba. Ta ce ya je, babu komai. Ya shiga ya gaya wa kwamiti cewa shi tsoho ne, kwalabe sun yi masa yawa a rayuwa, ba zai iya tuna wacce ce wacce ba.

Rahoton ya fito shafi tara. Kwamiti bai ga wata kwalba mai jan zare ba. Kwamiti ya ba da shawarar a riƙa liƙa wa kowace kwalba suna. Kwamiti ya yaba wa ɗalibar bisa ƙwazo, ya kuma ba da shawarar a yi mata nasiha kan ladabi. Game da sa hannu kuwa, wannan haƙƙin mai duba kundi ne, ba mai tilasta masa.

Abu ɗaya ne ya sauya. Baba ya daina sa albarka. Ba wanda ya hana shi, shi ne dai in ɗalibi ya kawo masa farantai sai ya ce hannunsa ya fara rawa. A wannan watan Saura-Kiris ya yi gwajinsa na ƙarshe, hoto ya fito fari fat, ya zauna yana kallon sa kamar takardar sammaci. Kwana biyu bayan haka sanarwa ta fito a allo cewa, domin inganta aiki, daga yau duk wanda ya cire Maigadi zai kai farantansa ofishin Farfesa don dubawar ƙarshe, ya jira a waje. Saura-Kiris ya kai nasa ya jira a waje. Layi ya dawo, har ya fi na da kauri. Ya kare kundinsa cikin wata uku, ranar ya zo baranda da sabuwar riga ya tsaya gabanta, bai ɗaure igiyar takalmi ba, sai kawai ya ce tururin nan zai lalata mata fata.

Dokar makarantar ta ce shekara biyar ake ba ɗalibin dakta, in ta cika bai kare kundi ba an rufe fayil ɗinsa, sai fa in mai duba kundinsa ya nema masa ƙari, kamar yadda aka riƙa yi wa Saura-Kiris. Saura kwana tara tata ta cika, Farfesa ya fito baranda da kansa, abin da ba a taɓa gani ba, har mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Yana riƙe da kundi ɗaure da baƙar fata, sunanta a jiki da ruwan zinariya. Ya ajiye mata a kan leda. Ya ce ya ga abin yana yi mata nauyi, saboda haka ya sa sakatariyarsa ta ɗauke mata: an cire babin, an sa hoton da ya dace, an gyara lambobin shafi. Shi har ya sa hannu. Ga wurin nata, ƙarƙashin layukan da ke cewa duk abin da ke ciki aikinta ne kuma gaskiya ne iyakar saninta. Akwai kuma gurbin ƙaramar malama a sashen, ya riga ya yi magana.

"Ba ke kika cire ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba wanda zai ce ke ce."

Ya miƙa mata alƙalaminsa. Ta karɓa, kuma ba za a ɓoye ba, ranta ya biya. Kundin yana da kyau. Ta shafa sunanta da yatsa, ta tuna Umma da masu kawo ɗinki. Ta buɗe babi na huɗu ta ga baƙin layi zaune a inda farin hotonta yake, da bayani a ƙasa cikin irin jimlolinta, sakatariyar ta iya aiki. Ta rufe.

"Wata rana wani zai karanta wannan ya tafi neman maganin ƙoda a wurin Maigadi," ta ce. "Zai ɓata shekarunsa, masu ciwon suna jira, kuma sunana ne zai tura shi."

"Taurin kai ba ilimi ba ne, yarinya."

"Na sani, Farfesa. Shi ya sa ban zo maka da kaina ba, na zo maka da hoto."

Ta mayar masa da alƙalamin da hannu biyu, cikin ladabi, kamar yadda kwamiti ya ba da shawara. Ya ɗauki kundin ya koma ciki.

Wasiƙar ta zo ranar da kwana taran suka cika, layi uku, tana yi mata fatan alheri. Aka karɓi katinta da makullin kabad, aka karɓi littattafan aikinta guda shida, domin doka ta ce mallakar ɗakin gwaji ne. Ta rubuta sakamakonta a taƙaice ta aika wa mujallu uku na masana, duk ukun suka nemi amincewar shugaban ɗakin da aka yi aikin. Ta nemi wasu malaman su ɗauke ta ta fara daga farko, kowa ya nemi wasiƙar shaida daga wanda ya duba ta a baya.

Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti, tana auna jini da fitsarin masu ciwon ƙoda, tana rubuta abin da ta gani ko likita ya so ko bai so ba. Umma ta daina gaya wa masu ɗinki komai, in sun tambaya sai ta taka keke da ƙarfi. Auta ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ba ta kuma taɓa cewa abin ya zo da sauƙi ba. A'ar da ta faɗa ta ci mata shekara biyar na ƙuruciyarta, da digirin dakta, da aikin koyarwa, da hanyar komawa bincike har abada, kuma ba ta gyara ko shafi ɗaya a littafin kowa ba.